Tsohon hoton tallar jirgin ƙasa: sunan wa za a sa a katalog, mai zane ko maɗaba'a?

Laburaren_Kwaleji
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masana katalog. Iyalan wani malaminmu da ya rasu, Allah ya jiƙansa, sun ba laburarenmu littattafansa, to a cikin kayan akwai wani babban hoto a firem. Marigayin a Amurka ya yi karatu. Hoton kwazazzabon nan ne na jihar Arizona, Grand Canyon: jajayen duwatsu, hazo ya lulluɓe wani sashe, ga itatuwa a gaba. Faɗinsa ya kusa mita ɗaya. A cikin hoton daga ƙasa akwai sa hannun Moran, wato mai zane Thomas Moran, da 1912. Sai kuma ƙananan rubuce-rubuce: "Grand Canyon of Arizona from Hermit Rim Road", da sunan American Lithographic Co. na New York, da haƙƙin mallaka na 1913 na kamfanin jirgin ƙasa Atchison, Topeka and Santa Fe. Shugabana ya ce in rubuta "zanen Thomas Moran, 1912" in wuce wurin. Ni dai raina bai kwanta ba. Sunan wa zan shigar, wace shekara kuma? Manhajar katalog ta Koha muke amfani da ita.

Sarkin_Gwanjo
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kai ga katalog, ka san abin da ke hannunka kuwa? Moran ɗin nan majalisar dokokin Amurka ta sayi zanensa dala 10,000 tun 1872. Ka kulle shi a ofis tukuna, ka sa makullin a aljihu.

Hajiya_Kataloga
@Sarkin_Gwanjo kai kullum idonka na kan kuɗi. Wancan zanen wani wuri ne daban, Yellowstone, fenti a kan ƙyalle, guda ɗaya tak. Wannan kuwa takarda ce da maɗaba'a ta buga da yawa aka rarraba.

Ɗana Laburare, ranka da bai kwanta ba shi ne da gaskiya. Abin da ke kan teburinka shi kake bayyanawa, ba abin da aka kwaikwayo ba. Abin da ke kan takardar nan tawadar maɗaba'a ce, ba fentin Moran ba. 1912 shekarar da ya yi zanen ce, ta biyo sa hannun ta shigo cikin bugun. Idan ka rubuta "zane, 1912" ka faɗi abu biyu da ba haka suke ba a layi guda. Ka gaya wa shugaban naka cikin ladabi.

Ummu_RDA
Na yarda da Hajiya a kan shekara. A katalog na kwamfuta kowane bayani da filinsa mai lamba. A filin 264, na bayanin bugu, za ka raba su: kamfanin jirgi a matsayin wanda ya wallafa, American Lithographic a matsayin wanda ya buga, sai shekarar haƙƙin mallaka 1913 a nata layin. Tunda ba a rubuta shekarar bugu kai tsaye ba, sai ka sa 1913 cikin baka mai kusurwa, alamar cewa kai ka ciro ta daga haƙƙin mallaka. 1912 ta tafi filin 500, na ƙarin bayani: sa hannu da shekara suna cikin hoton. Amma suna kam, Moran zan sa a 100, filin babban mai aikin.

Hajiya_Kataloga
A'a 'yata, nan muka raba hanya. Ki buɗe AACR2, littafin dokokin katalog, doka ta 21.16. Kashi biyu ta yi. Idan kyamara ko inji ne ya ɗauko kwafin zane, ana shigar da shi ƙarƙashin mai zanen asali. Idan kuwa wani ne ya sake aikin da hannunsa daga wani nau'i zuwa wani, kamar daga fenti zuwa bugun dutse, to ƙarƙashin wanda ya sake aikin ake shigarwa. In ba a san sunansa ba, a shigar ƙarƙashin take, mai zanen asali ya samu ƙarin shiga. A nan sunan kamfani muke da shi, ba mu da sunan ma'aikacin da ya zauna a kan dutsen. Saboda haka take ne a gaba, Moran ya koma 700, filin ƙarin suna.

Ummu_RDA
Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan dokar ta zamanin kati ce, lokacin da kati ɗaya ne ke ɗauke da cikakken bayani. Yanzu ɗalibi zai buga "Moran" a kwamfuta, ko yana 100 ko yana 700 zai fito.

Hajiya_Kataloga
To in duk ɗaya ne, me zai hana a sa shi inda ya dace?

Ɗan_Maɗaba'a
Ku dakata iyayen gida, kun fara rabon gado ba a tabbatar da mutuwa ba. Wa ya ce bugun 1913 ne? Tsofaffin hotuna irin wannan ana sake buga su, kuma mai sake bugun yakan ɗauko har da ƙananan rubutun. Mutumin da ya yi karatu a Amurka zai iya sayen sabon bugu a shagon 'yan yawon buɗe ido.

Malam Laburare, je wajen mai gyaran agogo ko mai gyaran waya ka aro madubinsa, mai ƙara girma sau goma ya isa. Ka duba wurin sararin sama ko hazo, inda launi ya yi laushi. Idan ka ga ɗigo-ɗigo a jere cikin tsari, launi huɗu kawai, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, suna haɗuwa suna yin 'yan zobba, wannan aikin injinmu ne na yanzu, irin wanda muke buga kalanda da fostar 'yan siyasa. Idan kuwa ɗigon ba su da tsari, wasu manya wasu ƙanana, launuka da yawa sun hau kan juna, wani wurin ma tawada ta kwanta shafe ba ɗigo, to bugun dutse ne.

Yadda ake yinsa: ana zana a kan lafiyayyen farin dutse da abu mai maiƙo, a jiƙa dutsen, sai a shafa tawada. Tawadar ta kama inda maiƙo yake, ta ƙi inda ruwa yake. Kowane launi da dutsensa. Babban aiki yakan ci duwatsu goma sha wani abu, wani ma ya haura ashirin, kuma takarda ɗaya sai ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta goce ba. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya ƙirƙiro bugun dutse a 1796. Na launi kuwa Godefroy Engelmann ya yi masa rajista a Faransa a 1837, shekarar da aka haifi Moran ɗin ma.

Laburaren_Kwaleji
Na gode ƙwarai. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo madubin. Amma ta cikin gilashi zan duba ko sai na cire shi daga firem?

MaiAdana_Kaduna
Fara dubawa ta gilashi. In za ka buɗe, ka ɗauki hoton gaba da bayan firem ɗin tukuna, duk wata takardar shago ko rubutun hannu da ke baya shaida ce. Ka kwantar da shi a kan tebur, fuska ƙasa, ka cire ƙusoshin a hankali. Idan takardar ta manne da gilashi, ka tsaya nan, kada ka ja.

Alaramma_Tawada
Ni ba ɗan laburare ba ne, tsofaffin rubuce-rubucen hannu nake bi, amma gardamar Hajiya da Ummu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ƙarshen littafi za ka ga an ambaci mutum uku: wanda ya wallafa, wanda ya kwafa da hannunsa, da wanda aka kwafa dominsa. Ba wanda ya taɓa jingina littafi ga mai kwafa, komai kyan hannunsa. Amma in malami ya ɗauki waƙar wani ya yi mata tahamisi, ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti, to an samu sabon aiki, sunansa ya shiga. Tambayar ita ce, bugun dutsen nan kwafi ne ko tahamisi?

Ɗan_Maɗaba'a
Alaramma, da ka ga yadda ake rarraba launi da ido, ana cewa wannan jan zai fito daga dutse kaza da dutse kaza, da ba ka kira shi kwafi ba.

Ummu_RDA
Amma manufarsa fa? Duk gwanintarsa so yake kada a ga hannunsa, a ga na Moran. Mai tahamisi so yake a ji muryarsa. Kwafi ne, Alaramma.

Alaramma_Tawada
Kowannenku ya kawo hujja. Ni na koma gefe ina saurare.

Bakano_a_Phoenix
Salam. Ni a Arizona nake zaune, bari in ƙara wani abu da za a iya mantawa: wannan hoton talla ce, kuma ya kamata katalog ya nuna haka. Santa Fe ne ya ja layin dogo daga garin Williams zuwa bakin kwazazzabon ta kudu a 1901. A 1905 aka buɗe otal ɗin El Tovar a bakin ramin. Hanyar Hermit da ke cikin taken, kamfanin ne ya gina ta a daidai waɗannan shekarun don a riƙa zagayawa da baƙi. Wato ko taken ma kiran kasuwa ne: ga sabuwar hanya, zo ka gani. Wurin bai zama gandun shaƙatawa na ƙasa (national park) ba sai 1919, ke nan tallar ta riga shi.

Alaƙarsu da Moran ta girmi wannan hoton. A 1892 kamfanin ya ɗauki nauyin tafiyarsa zuwa can, shi kuma ya ba su izinin buga zanen da ya yi. Irin waɗannan hotuna ana sa su a firem a kai tashoshi da otal-otal da makarantu da ofisoshi. Babu jirgi a ciki, babu farashin tikiti, amma tikiti ake sayarwa. Idan ka sa "Grand Canyon" kawai a jigo, mai binciken tarihin talla ba zai taɓa cin karo da shi ba.

Hajiya_Kataloga
Madalla da ɗan Phoenix. Jigo na wuri a 651, jigon tallar jiragen ƙasa a 650, nau'in abu a 655. Kamfanonin biyu kowanne da 710 nasa, filin sunan kamfani, a rubuta aikin da kowa ya yi.

Sarkin_Gwanjo
Duk na ji. Amma nawa ne? Ba wanda ya amsa.

MaiAdana_Kaduna
Ba wanda zai yi maka farashi bai ga takarda ba. In bugun 1913 ne yana da daraja a wajen masu tara irinsa, amma ya danganta da ko an yanke gefe, ko rana ta cinye launi, ko an manna shi a kwali. In sabon bugu ne, firem ɗin zai iya fin shi kuɗi. Kuma kayan laburare ne, Sarki, ba na gwanjo ba.

Sarkin_Gwanjo
Tambaya ce kawai, Yallaɓai. 😄

'YarZane_Zariya
Mu a ɓangaren zane da gidajen tarihi ba ma wannan dogon ja-in-ja. Ana rubuta "after Thomas Moran", wato an kwaikwayo aikinsa, sai sunan maɗaba'a a layi na biyu, kowa ya san ba hannunsa ba ne. Wani abu kuma: kada a ɗauki hoton a matsayin shaidar yadda wurin yake daidai. Moran yakan yi ƙananan zane a wurin, ya koma ɗakin aikinsa ya harhaɗa su, ya matso da dutse, ya ƙara hazo. Mutumin Bolton ne a Ingila, yana yaro aka kawo shi Amurka, kuma salon Turner, mai zanen nan na Ingila, ya yi masa tasiri sosai, shi ya sa haskensa yake haka. Ya fara ganin Grand Canyon a 1873 tare da ayarin mai binciken ƙasa John Wesley Powell. A ƙarshen rayuwarsa har dangwala yatsa yake yi kusa da sa hannunsa saboda masu jabu. Ya rasu a 1926.

Bakano_a_Phoenix
Haka ne. Kuma tallan wancan zamani sun fi son nuna wurin kamar ba kowa. Alhali ƙabilun asali na yankin, Havasupai da Hualapai da Hopi da Navajo, duk suna da tsohuwar alaƙa da shi. Havasupai har yau suna zaune a cikin kwazazzabon, a ƙauyen Supai. A 2022 ma aka sauya wa wani wuri suna daga Indian Garden zuwa Havasupai Gardens, inda aka tashe su a da.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Mu ma an yi mana irin wannan. Hukumar tallata kayan daular Ingila, Empire Marketing Board, wadda ta yi aiki daga 1926 zuwa 1933, ta buga fostoci da hotunan Gold Coast, wato Ghana ta yau, masu tsinkar koko da sauransu. Gerald Spencer Pryse ya yi su, kuma ya zagaya Gold Coast da Nijeriya a ƙarshen shekarun 1920 yana zane. Bambancinsa da Moran, shi gwanin bugun dutse ne da kansa, an san shi da zana kai tsaye a kan dutse. Irin nasa Hajiya da Ummu ba za su yi faɗa ba.

Malam_Tsoho55
Abin da ke ba ni takaici ke nan. Muna nan muna gardama a kan hoton Amurka, namu fa? Kalandun da bankuna da kamfanonin yadi da na reluwe suka riƙa rabawa, masu hoton dalar gyada da hawan salla, ina suke? Shekara na ƙarewa sai a naɗe littafin yara da su, ko a shimfiɗa a kabad, ko mai ƙosai ta samu. Ko sunan wanda ya ɗauki hoton ba a sawa.

Damagaram_79
Gaskiya ne Baba. A gidanmu akwai wata tsohuwar kalanda da kakata ta ƙi yarda a cire, an yanke watannin an bar hoton. Yanzu ba wanda ya san shekararta, tunda abin da zai faɗa shi aka yanke.

MaiAdana_Kaduna
Shi ya sa nake hana yanke gefe. Sunan maɗaba'a da shekara kullum a gefe suke, wurin da mai firem ya fi raina wa.

Admin_Zaure
Maganar kalanda ta cancanci zaren kanta, Baba Malam ka buɗe mana. A nan mu jira sakamakon madubi.

Laburaren_Kwaleji
Na dawo. Mai gyaran agogo har biyo ni ya yi don ya ga abin da za a duba da madubinsa. Ɗigon ba su da tsari, ban ga zobban da Ɗan_Maɗaba'a ya kwatanta ba, kuma a cikin hazon kaɗai na ga launuka sun fi huɗu. Na buɗe bayan kamar yadda aka ce. Takardar tana da kauri, ba ta manne da gilashi ba, amma kwalin da ke bayanta ya zama ruwan ƙasa, ya bar mata tabo. A sama wani ya taɓa liƙa ta da salatif wuri biyu, ya bushe ya yi rawaya. Akwai 'yar yagewa a kusurwar hagu. Wani abokin aiki ya ce a kai a yi mata laminatin ta huta.

MaiAdana_Kaduna
Inna lillahi! Kada ka bari. Laminatin zafi ne da gam, kuma ba ya ciruwa. Salatif ɗin ma kada ka ɓanɓare, in ya faɗi da kansa shi ke nan. Kwalin nan shi ne mai laifi, a raba su yau. A samo takarda mara asid a sa sama da ƙasa, a kwantar da shi shimfiɗe, ba naɗewa ba ninkewa. Nesa da taga, nesa da bangon da ke jiƙa da damina, kuma ba a ƙasa ba saboda gara. Lambar shiga da fensir mai laushi a baya, can gefe. Ba biro, ba hatimin laburare a fuska, don Allah.

Ummu_RDA
Yanzu da ya fita daga firem sai ka auna. Tsayi ake fara rubutawa sannan faɗi, da santimita, na hoton daban, na takardar gaba ɗaya daban. Tabon da salatif da yagewa su shiga bayani. Inda ya fito kuma a 561, amma ka tambayi iyalan ko sun yarda a sa sunan marigayin.

Damagaram_79
Za a iya ɗaukar hotonsa a sa a shafin laburare? Ba matsalar haƙƙin mallaka?

Ummu_RDA
Abin da aka wallafa a Amurka a 1913 ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka a can, Moran kuma ya rasu tun 1926. Ka sa, amma a rubuta cewa hoton bugun ne, ba na zanen ba.

Laburaren_Kwaleji
Ga abin da na tsara. Take kamar yadda yake a jiki. Bugun dutse mai launi, guda ɗaya, da awo biyu. Santa Fe mai wallafawa, American Lithographic mai bugawa, 1913 cikin baka. Bayani cewa an ɗauko shi daga zanen Thomas Moran na 1912 kuma an yi shi don talla. Jigo uku kamar yadda Hajiya ta ce. Shugabana ya yarda da 1913, amma ya ce Moran ya zauna a 100, don shi ake nema.

Hajiya_Kataloga
Shugaba shugaba ne. Amma da ni ce, take ne a gaba. Ran da laburarenku ya samu littafi mai hotunan zanensa na asali, za ka ga amfanin rabewar.

'YarZane_Zariya
Matuƙar bayanin ya ce ba hannunsa ba ne, ni ban ga laifi ba.

Alaramma_Tawada
Wato an yanke cewa kwafi ne?

Hajiya_Kataloga
Ba a yanke ba, Alaramma, an bi umarni ne.

Ɗan_Maɗaba'a
Kafin ka adana, Malam Laburare, akwai sauran abu ɗaya. A wajen 1913 manyan maɗaba'u sun riga sun fara haɗa kyamara da aikin hannu: a ɗauko siffar zanen da kyamara a sa a dutse, sannan ma'aikata su bi da launuka. In haka aka yi wa wannan, dokar Hajiya ma sai ta rasa ɓangaren da za ta ajiye shi. Ka ɗora kyamarar wayarka a kan madubin ka ɗauko min wuri biyu, cikin hazon da kuma inuwar itatuwan nan na gaba, da hasken rana ba fitila ba. Ka turo nan kowa ya gani.